Hujjar Mai Ƙara da Sallamar Wanda Ake Tuhuma: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



Sau da yawa akan bugo muku waya daga gida a ce an kama wanda ya saci awaki a Shuwarin ko ya fasa shago a Dutse, bayan 'yan watanni kuma a ce kotu ta sallame shi. Nan da nan sai a fara cewa alƙali ya ci hanci. Ina so mu dubi yadda shari'ar laifi take tafiya, domin mu daina yanke hukunci da zato.

Da farko, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora nauyin tabbatarwar a kan mai gabatar da ƙara, kuma dole hujjarsa ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Saboda haka shi ne yake fara kawo shaidu, lauyan wanda ake tuhuma ya yi musu tambayoyin ƙwaƙwaf. Wanda bai gani da idonsa ba, ya zo da "an ce", galibi kotu ba ta karɓar maganarsa, domin gani ya kori ji.

Na biyu, idan mai ƙara ya rufe shaidunsa, wanda ake tuhuma yana da damar roƙon kotu ta sallame shi a kan cewa babu abin da zai amsa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi wannan a sashe na 302 da 303. Alƙali zai duba ko an kawo shaida a kan kowane ginshiƙi na laifin, da kuma ko tambayoyi sun rusa shaidun har ba za a iya dogara da su ba. In hujja ta gaza, ya sallame shi. In ta tsaya, ya umarce shi ya kare kansa.

Na uku, sallama iri-iri ce. Wanda aka wanke bayan an auna hujja, Tsarin Mulki ya hana a sake gurfanar da shi a kan laifin, sai da umarnin kotun da take sama. Amma wanda aka sallama don shaidu sun ƙi zuwa, ana iya dawo da shi. Ita ma sallamar ana ɗaukaka ƙara a kanta. Misali yana nan kusa da mu. Hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnanmu, Alhaji Sule Lamido, a 2015. A 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ƙi roƙonsa na cewa babu abin da zai amsa. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi, tana mai cewa a Jigawa ya kamata a yi shari'ar. A 2026 Kotun Ƙoli ta soke wannan sallama, ta mayar da shari'ar ga kotun farko. Umarnin mutum ya kare kansa ba tabbatar da laifi ba ne, kuma ma'aunin da aka yi wa gwamna shi ake yi wa talaka.

To, ina namu aikin? Shari'o'i da dama suna mutuwa ne domin mai shaida daga Kiyawa ko Jahun ba shi da kuɗin mota zuwa Dutse, ko yana jin nauyin maƙwabci, ko ya gaji da ɗage zama. Ina ba ƙungiya shawara ta ware asusun kuɗin motar masu shaida, a biya a fili bisa shawarar lauya, ba tare da an gaya wa kowa abin da zai faɗa ba. Lauyoyin cikinmu su riƙa wayar da kan jama'a idan sun zo hutun salla. Mu kuma ja kunnen matasanmu su guji ɗaukar doka a hannunsu, domin wanda aka daka bisa zato yana iya zama ɗan wani daga cikinmu.