Ana Iya Auna Damuwar Ɗan'adam?

Sharhinmu na yau zai duba yadda masana ke tantance amfanin zaman shawara ga mutanen da damuwa ta addaba.

A farkon shekarun 1940, a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Carl Rogers ya riƙa naɗar irin wannan zama a faifai, a rubuta kowace kalma, a yi nazarinta. A ganinsa, ɗan'adam yana da ƙarfin gyara kansa muddin ya samu mai sauraronsa da zuciya ɗaya.

A 1952, Hans Eysenck na Landan ya ce babu hujjar cewa magani ta hanyar tattaunawa yana warkarwa. A 1977, Mary Smith da Gene Glass suka tattara sakamakon bincike 375, suka nuna yana da amfani.

Sai dai alƙaluma ba sa kama komai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: mutum kan ɓoye wa takardar tambayoyi abin da zai faɗa wa wanda ya amince da shi. Shi ya sa masu bincike da dama yanzu ke haɗa ƙididdiga da doguwar hira.

Mu kwana nan.