Turbar Batongguan da Bindigar Mutanen Bunun

  

A tsakiyar tsibirin Taiwan akwai wata turba da ake kira Batongguan. Ta taso daga Dongpu a yamma, ta haye tsaunuka masu tsayin fiye da mita 3,000, ta gangara Yuli a gabas, tafiyar kimanin kilomita 125. Mai bin ta a yau, duk bayan 'yar tafiya zai tarar da wani fili da aka daidaita a gefen dutse, ga katangar duwatsu, ga matakala, ga fasassun kwalabe da ragowar kayan wayar tarho a cikin ciyawa. Waɗannan su ne kangayen ofisoshin 'yan sandan Japan. Hukumomin yawon buɗe ido suna kiran su kayan tarihi. Wasu malaman jami'a masu nazarin gine-ginen zamanin mulkin mallaka ma haka suke kallon su: suna auna katanga, suna zana taswira, suna yaba gwanintar magina. Da waɗannan malamai wannan lacca take jayayya, kuma jayayyar ta daɗe. Kowace katanga a nan an gina ta ne don a raba wasu mutane da bindigoginsu, daga baya a raba su da ƙasarsu, kuma jikokin mutanen suna nan da rai.

Yadda Japan ta karɓi Taiwan daga daular Qing a 1895, ta riƙe ta har 1945, sananne ne a wannan zaure, ba sai an maimaita ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a shekarun farko ikon Japan ya tsaya ne a gindin tsaunuka. Can sama akwai katako, akwai itacen kafur wanda gwamnati ta mayar da cinikinsa nata ita kaɗai tun 1899, akwai kuma al'ummomin asali irin su Atayal da Seediq da Truku da Bunun, waɗanda ikon daular Qing bai taɓa kama su sosai ba. Da farko aka kewaye su da layin masu gadi, wasu wuraren har da waya mai lantarki da nakiyoyi. Sai Gwamna Janar Sakuma Samata, wanda ya hau kujera a 1906, ya fito da shirin shekara biyar na murƙushe su daga 1910. Ganuwar Lidongshan, da ke kan tsauni a yankin Hsinchu, daga yaƙe-yaƙensa da Atayal na 1911 zuwa 1913 ta samo asali. A 1914 shi da kansa ya jagoranci yaƙin Truku, yana da shekara kusan saba'in.

Da aka gama da arewa, sai aka juya ga Bunun, aka ce su kawo bindigoginsu. A nan ya kamata a tsaya, domin wanda bai fahimci wannan ba, ba zai fahimci ko dutse ɗaya a kan turbar ba.

Bunun manoman wani nau'in gero ne, kuma mafarauta. Naman da iyali ke ci daga daji yake fitowa. Babban bikinsu na shekara biki ne na harbi, inda ake koya wa yara maza saiti a kan kunnen barewa. Bindiga a wurinsu dukiya ce ta gida, an saye ta da tsada, ana gadon ta, ana yi mata addu'o'in gargajiya kafin a fita farauta. Namiji ba ya cika namiji sai da ita. Jami'an Japan sun san wannan sarai, shi ya sa bayan sun ƙwace bindigogin suka kafa wani tsari: mai son farauta ya je ofishin 'yan sanda ya ari bindigar gwamnati, a ƙirga masa 'yan harsasai, ya dawo da ita a ranar da aka sa masa. Ke nan abincin iyali ya koma hannun ɗan sanda. Wanda ya ƙi zuwa aikin dako, ko ya ƙi sa ɗansa a makaranta, an san inda za a matse shi. Ɗan sandan nan kuma shi ne malamin makarantar, shi ne mai ba da magani, shi ke kula da shagon da ake musayar fata da gishiri, shi ne alƙali. Duk wanda ya tsaya a cikin ɗaya daga kangayen nan, a cikin wannan iko yake tsaye.

A watan Mayun 1915 abin ya fashe a kwarin kogin Lakulaku. Aka fara far wa ofishin Kasibanan. Ranar 17 ga wata kuma, mayaƙa ƙarƙashin Dahu Ali da ƙaninsa Aziman Sikin suka afka wa ofishin Dafen, suka kashe 'yan sanda 12. Daga nan Dahu Ali ya kwashe mutanensa ya haye zuwa Tamaho, wani lungu mai wuyar shiga a saman kogin Laonong, ya shafe shekara 18 bai miƙa wuya ba.

Amsar Japan ita ce turbar da ake yabo a yau. An fara ta a 1919, aka gama a 1921. Akwai wata tsohuwar hanya da sojojin Qing suka sara a 1875 ta wannan yanki, amma Japan ba ta bi ta ba, ta ja tata daban. Masu yawon dutse suna jin daɗin yadda turbar Japan take kwance, tana zagaya gefen tsauni a hankali ba hawa mai tsanani. Dalilin kwanciyar shi ne a iya jan igwa da kayan yaƙi a kanta. An bi da ita ta kusa da ƙauyuka da gangan, aka jera ofisoshi kusa da juna, aka haɗa su da wayar tarho. A kan tsaunin Huabanuo, sama da Dafen, aka girka igogi masu kallon ƙauyukan, kuma har yau suna nan a wurin. A shekarar da aka gama aikin, 1921, aka yaudari mutum 23 na ƙauyen Tosiu zuwa Dafen, aka kashe su a can. Aka ƙara wata turbar ta Guanshan daga kudu, wadda aka kammala a 1931, Tamaho ta shiga tsakiya. A 1933 Dahu Ali ya sauko ya yi sulhu.

A cikin shekarun 1930 aka yi ta kwashe ƙauyukan Bunun daga kan tsaunuka zuwa gindinsu, aka ce su koma noman shinkafa. Mutanen da suka saba da sanyin sama suka faɗa yankin sauro, zazzaɓi ya ci da yawa. Shi ya sa kwarin Lakulaku ya zama kufai. A gefen kowane kangon 'yan sanda, idan aka kutsa cikin daji, akwai gidajen falalen dutse na Bunun da suka rushe. Bisa al'adarsu ta da, a ƙarƙashin daɓen gida suke binne mamatansu, don haka gidajen nan kaburbura ne kuma. A kan turbar akwai duwatsun tunawa da aka rubuta sunayen 'yan sandan da suka mutu, mai wucewa yana karantawa. Sunayen mutanen Tosiu, sai wanda ya je ya tambayi dattawa. Wanda ya san yadda aka adana labarin Zungeru a takardu, da yadda aka bar Satiru bayan rushe ta a 1906, wannan ba zai zame masa baƙon abu ba.

Ko katakon da aka gina irin waɗannan ofisoshi da shi yana da labari. Cikin abubuwan da suka tunzura Seediq a Wushe, inda Mona Rudao ya jagoranci harin 27 ga Oktoban 1930 da ya halaka Japanawa 134, har da tilasta musu dakon gungumen katako a kafaɗa daga daji don gine-ginen hukuma. Aka rama da jiragen sama, waɗanda suka tsira aka kwashe su daga ƙasarsu a 1931.

Masu ja da wannan magana suna cewa Japan ta kawo makaranta da magani, ta kuma hana al'adar sare kan abokan gaba. An ji. Makarantar a cikin harabar 'yan sanda take, ƙarƙashin inuwar igwa, kuma babu wanda ya nemi shawarar iyayen yaran. Wasu kuma suna cewa tunda mutane suka tashi, daji ya farfaɗo, har Dafen ta zama cibiyar binciken baƙin beyar na Taiwan. Binciken yana da amfani. Sai dai dabbobin nan sun rayu tare da Bunun tun kafin a haifi wanda ya zana gandun dajin da Dafen take ciki a yau.

A koma ga bindiga, domin maganarta ba ta ƙare da tafiyar Japan ba. Gwamnatin da ta gaje ta ba ta mayar da ƙasar ga masu ita ba, ta riƙe ta a matsayin dajin gwamnati. A 1985 aka kafa gandun dajin ƙasa na Yushan, kwarin Lakulaku ya faɗa cikinsa. Farauta haramun ce a gandun, shiga can ciki kuma sai da takardar izini. Dokar wancan lokaci ta yarda ɗan asalin ƙasa ya mallaki bindigar farauta, amma sai wadda aka ƙera da hannu, irin mai hatsari ga mai harbin kansa. A 2013 aka kama wani mafarauci ɗan Bunun mai suna Talum Suqluman a yankin Taitung, saboda ya harbo namun daji biyu don tsohuwar mahaifiyarsa, da bindigar da ba ta cika wannan sharaɗi ba. Aka yanke masa ɗaurin shekara uku da rabi. Shari'ar ta kai kotun tsarin mulki, wadda a watan Mayun 2021 ta gyara wasu ƙa'idoji ta bar akasarin dokar yadda take. Afuwar Shugaba Tsai Ing-wen ce ta hana shi shiga kurkuku. Tsakanin Dafen da kamun Talum shekara 98 ne, kuma tambayar ba ta sauya ba: wa zai ba Bunun izinin ciyar da gidansa daga dajin kakanninsa? Duk malamin da ya rubuta littafi a kan katangar Dafen bai ambaci wannan shari'a ba, ya bar rabin aikinsa.

Ba a ce ba a yi komai ba. Akwai babbar dokar 'yan asalin ƙasa ta 2005. Ranar 1 ga Agustan 2016 Shugaba Tsai ta nemi gafararsu a madadin gwamnati. Marigayi Yang Nan-chun da matarsa Hsu Ju-lin sun shafe shekaru suna bin turbobin nan da ƙafa, suna sauraron dattawa, kuma aikinsu ya taimaka ƙwarai wajen dawo da sunan Dahu Ali bakin jama'a. A Jiaxin, a gabashin turbar, jikokin wani dangi sun sake ɗaga gidan falalen dutse na kakanninsu, da duwatsun da suka ɗauko da hannunsu. Wannan gida guda ya nuna hanyar da ya kamata a bi.

Kada a rushe kangayen, domin shaida ne. Kada kuma a sake gina su a shafa musu fenti don masu ɗaukar hoto. Kuɗin da ake warewa don auna ofisoshin 'yan sanda, a fara kashe shi wajen gano ƙauyukan da ke kewaye da su, gida gida, tare da dangin da suka fito daga can, tun dattawan da suka ji labari daga bakin iyayensu ba su ƙare ba. Allunan da ke kan hanya su ɗauki sunan Bunun na kowane wuri a sama, su faɗi wanda aka kora daga nan da shekarar da aka kore shi. A Dafen a rubuta mutanen Tosiu kusa da inda aka rubuta 'yan sanda. Mafi girma kuma, ikon kula da turbar da ƙa'idar farauta a kwarin su koma hannun majalisun Bunun, hukumar gandun daji ta zama mai taimaka musu da ma'aikata da kuɗi.

Ga ɗaliban tarihi da ke wannan zaure: duk inda aikinku ya kai ku gaban ginin mulkin mallaka, a Taiwan ne ko a gida, kafin ku fito da ma'auni ku nemi mutanen da aka gina shi a kansu, ku tambaye su abin da suke so a yi da shi.