Motsin Sandararren Abu a Cikin Ruwa: Yadda Ake Kwaikwayonsa da Kwamfuta



Batun da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda injiniya kan san halin da farfela ko bawul zai shiga cikin ruwa tun ba a ƙera shi ba. Abin da nake nufi da sandararren abu shi ne wanda ba ya lanƙwasa. Hanyoyin motsinsa shida ne kacal: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, sai juyawa iri uku. Dokokin wannan motsi sun samo asali daga littafin Newton na 1687 da na Euler na 1765. Dokokin gudanar ruwa kuwa, Navier ya kafa su a 1822, Stokes ya kammala a 1845. Aikin kwamfuta shi ne gama su wuri ɗaya.

Ga yadda ake yi. A kan yanka sararin ruwan gida-gida kamar raga, a yanka lokaci shi ma ƙanana-ƙanana. A kowane taki sai a lissafta matsi da gogayyar ruwa a jikin abin, a tara su a fitar da ƙarfin da ke tura shi da wanda ke juya shi, a gusa da shi, sa'an nan a sake lissafin ruwan, domin gusawar nan ta canja masa hanya.

In an riga an ƙayyade motsin, kamar na farfelar injinan Madatsar Kainji, wadda dole ta juya daidai da bugun wutar lantarkin ƙasa, wato hamsin a daƙiƙa, to aikin da sauƙi. Wahalar tana ga abin da ruwa ne ke sarrafa shi, alal misali bawul ɗin da likitoci kan dasa a zuciya. Duk abin da ya zabura cikin ruwa sai ya ja ruwan da ke kewaye da shi, ya zama kamar ya ƙara nauyi. Ga dunƙulallen abu, wannan nauyin aro rabin nauyin ruwan da ya ture ne. Saboda haka in abin ba shi da nauyi, kamar gorar masunci, aka kuwa lissafta ruwa daban, abin daban, sau ɗaya kawai, sai kuskure ya riƙa ninka kansa har lissafin ya wargaje. Maganinsa a maimaita lissafin biyu a kowane taki har su daidaita.

Saura ragar. A 1974 Hirt da abokansa suka nuna yadda za ta riƙa miƙewa tana bin abin, amma in tafiya ta yi nisa gidajen kan murɗe. Peskin kuwa, tun 1972, ya bar ragar a tsaye, ya sa abin yana ratsa ta. A 1983 Steger da abokansa a Amurka suka ɗora raga bisa raga, ƙaramar tana tafiya da abin.

Jama'a, musamman ma'aikatan da kan sa hannu a kwangilar famfuna da madatsai: hoto mai launi ba hujja ba ne. Ku tambayi ɗan kwangila wace hanya ya bi, ko amsar ta canja da aka ƙara matse ragar, da kuma gwajin zahiri da ya auna lissafinsa da shi. Dukiyar jama'a, wani lokaci ma rayukansu, na rataye a kan amsarsa.