Jaruma Tsakanin Marubuciya da Masu Karatu: Darasi Daga Labarin Anita Blake



Tambayar da nake so mu duba a yau gajeriya ce, amma ta daɗe tana wahalar da masana adabi. Idan marubuci ya ƙago mutum a cikin littafi, ya yi shekara da shekaru yana ba da labarinsa, har dubban jama'a suka shaƙu da shi, to wannan mutum na wane ne? Na wanda ya ƙago shi ne, ko kuwa na waɗanda suka sayi littattafan da kuɗinsu, suka hana idonsu barci saboda shi? Domin kada maganar ta tsaya a iska, na zaɓi misali guda daga ƙasar Amurka, watau jerin littattafan Anita Blake na marubuciya Laurell K. Hamilton, saboda da wuya a sami wani jerin labarai na zamaninmu da masoyansa suka rabu gida biyu a fili kamar wannan.

Wace ce Anita Blake

An haifi Hamilton a shekarar 1963. Littafin farko na wannan jeri, mai suna Guilty Pleasures, ya fito a 1993, kuma ya zuwa shekarar 2023 littattafan sun kai 30. Labarin yana faruwa ne a birnin St. Louis na jihar Misuri, a cikin wata Amurka ta ƙage wadda kotu ta amince da mashaya jini a matsayin 'yan ƙasa masu haƙƙi. Mashayin jini a almarar Turawa matacce ne wanda bai kwanta ba, yana tashi da dare ya rayu da jinin masu rai. Abin da ya fi kusa da shi a tunaninmu shi ne maye, sai dai maye mutum ne mai rai, kuma kurwa yake kamawa. Har wa yau akwai masu rikiɗa su zama kyarkeci ko damisa, kamar yadda ake ba da labarin masu rikiɗa kura a wajenmu.

A cikin wannan duniya aka saka Anita, budurwa 'yar shekara 24, gajeriya, wadda mahaifiyarta 'yar asalin Meziko ta rasu a haɗarin mota tun tana ƙarama. Sana'arta biyu. Ta farko, tana aiki a wani kamfani inda take tayar da gawa daga kabari na ɗan lokaci, domin a tambaye ta abin da ya shige wa magada duhu, kamar rigimar wasiyya. Ta biyu, tana da izinin hukuma ta kashe duk mashayin jinin da kotu ta yanke wa hukunci, kuma 'yan sanda kan neme ta idan aka yi kisan da ya fi ƙarfin saninsu. Ita ce ke ba da labarin da bakinta, tana cewa na yi, na gani, na ji tsoro. Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin mai karatun da ya shekara goma yana sauraren murya ɗaya tana yi masa magana kai tsaye, yakan ɗauka ya san mai muryar kamar yadda ya san 'yar'uwarsa.

Abin da ya jawo masu karatu

A littattafan farko, ginin labarin iri ɗaya ne da na labarin bincike: an yi kisa, ba a san wanda ya yi ba, Anita ta bi sawu, a ƙarshe ta yi arba da dodon. Abin da masu karatu suka riƙa yabawa shi ne yarinyar ba ta da ƙarfin abokan gabanta ko kusa. Abin da take da shi bindiga ce, da wuƙa, da sarƙar gicciye a wuya, da taurin kai. Jikinta duk tabo ne, har da tabon ƙuna a hannu. Tana jin tsoro, tana kuma faɗa, sa'an nan ta shiga inda tsoron yake. Tana da ƙa'idojin da ta ɗora wa kanta: ba ta shan giya, tana zuwa coci, tana tsare mutuncinta, kuma ta ɗauki mashaya jini a matsayin dodanni waɗanda ba a yin soyayya da su. Bayan duk wannan, idan ta koma gida, tana da tarin 'yan tsana masu siffar tsuntsun ƙanƙara waɗanda take runguma idan dare ya yi mata nauyi. Mata da yawa sun ce a nan ne suka fara ganin mace a matsayin da aka saba ajiye wa namiji, ba tare da an raba ta da rauninta na ɗan Adam ba.

Sai kuma aka shigo da maza biyu masu neman ta: Jean-Claude, shugaban mashaya jinin birnin, da Richard, malamin makaranta mai rikiɗa kyarkeci. Tun daga nan masu karatu suka fara ja-in-ja a kan wanda ya dace da ita, amma wannan gardama ce ta masoya, irin wadda ke ƙara wa littafi kasuwa.

Inda aka rabu

Masu sharhi da dama sun nuna wuri guda inda kiɗa ya canza. Littafi na 9, Obsidian Butterfly, na shekarar 2000, ya fitar da Anita daga St. Louis zuwa jihar New Mexico, ya raba ta da masoyan nan biyu, ya bar ta da bincike da bindiga, kuma da yawa daga tsofaffin masu karatu suna ɗaukar sa ƙololuwar jerin. Littafi na 10, Narcissus in Chains, na 2001, shi ne ya kawo sabon abu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka zan faɗa a taƙaice: marubuciyar ta ɗora wa Anita wata lalura ta sihiri wadda ke tilasta mata kusantar maza domin ta rayu ta kuma sami ƙarfi. Daga nan masoyanta suka yawaita, shafukan da ake kashewa a kan wannan harka suka rinjayi na bincike, sa'an nan kusan kowane littafi sai ta sami wani sabon iko.

Idan aka tace ra'ayoyin masu karatu, za a ga sun kasu uku.

Kashi na farko su ne waɗanda suka ƙi abin saboda tarbiyya ko kunya. Dalilinsu a fili yake, ba ya bukatar dogon bayani.

Kashi na biyu su ne suka fi ba ni sha'awa, domin kukansu na adabi ne. Yawancinsu sun ce ba su da ƙorafi a kan a rubuta soyayya ko abin da ya wuce ta. Ƙorafinsu shi ne an karya musu alkawari. Sun shigo ne domin labarin bincike mai ban tsoro, sai suka tarar an mai da gawar da aka tsinta a babi na farko abin mantuwa har sai an kusa rufe littafi. Sun kuma ce lalurar nan ta ƙwace wa Anita abin da ya sa ta zama jaruma, watau zaɓi, domin macen da dā take cewa a'a ko da za a kashe ta, yanzu sihiri ne ke yanke mata shawara. Abu na uku da suka faɗa shi ne tsoro ya gushe. Hausawa na cewa gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Muddin Anita tana da na gaba da ita, mai karatu yana riƙe da numfashinsa. Da ta zama ita ce gaban kowa, sai numfashin ya sauka, domin wanda ba zai iya faɗuwa ba, tsayuwarsa ba abin kallo ba ce.

Kashi na uku su ne masu kare ta, kuma hujjarsu ba ta raini ba ce. Sun ce shekara nawa Turawa suka yi suna karanta James Bond na Ian Fleming, tun daga 1953, yana kisa yana sauya mata a kowane littafi, ba wanda ya ce jaruntarsa ta ragu? Don me sai da mace ta yi irin nasa aka ce labari ya lalace? Sun ƙara da cewa mutum ba ya zama yadda yake yana ɗan shekara 24, kuma yarinyar da ta fara da raba duniya gida biyu, mutane da dodanni, dole ne zama da dodannin ya rushe mata wannan rabo. A ganinsu wannan shi ne ainihin jigon jerin: mai farautar dodo tana tambayar kanta ko ita ma ta zama dodo.

Amsar marubuciya

A ƙarshen shekarar 2006 Hamilton ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu sukarta. Abin da ta ƙunsa shi ne, wanda littattafan ba su yi masa ba ya daina karantawa, akwai wasu littattafan da ba za su takura shi ba, kuma mutanen labarinta tamkar masu rai suke a wajenta. Ta kuma yi nuni da cewa ciniki yana ƙaruwa. A wannan ba ta yi ƙarya ba, domin littattafan da aka fi suka sun shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times, kuma a wannan shekara ce kamfanin Marvel ya fara mai da littafin farko labarin zane. Amma wasiƙar ta ƙara wa wutar itace, saboda masu suka sun ji an ce musu ba su da zurfin fahimta, alhali kuwa su ne suka riƙe jerin tun yana ƙaramin littafi mai bangon takarda.

Wannan ba a kanta farau ba. A 1893 Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a wani magangarin ruwa na ƙasar Suwizalan, jama'a suka ƙi yarda, har ya dawo da shi da rai a 1903. A 2013 kuma, da Charlaine Harris ta rufe jerin Sookie Stackhouse da littafi na 13, ta haɗa jarumar da wanda mafi yawan masu hayaniya ba su zaɓa ba, jaridu sun ruwaito cewa har barazana aka aika mata.

Yadda za mu auna

A cikin laccarsa ta 1967 a Jami'ar Konstanz ta Jamus, Hans Robert Jauss ya nuna cewa ba wanda ke buɗe littafi da wofin kai. Kowa na zuwa da tsammanin da littattafan baya suka gina masa, kuma da wannan ma'auni yake auna sabon. A jerin labarai kuwa, marubucin da kansa ne ya gina tsammanin, littafi bayan littafi. Janice Radway kuma, a bincikenta na 1984 a kan matan Amurka masu karanta littattafan soyayya, ta gano cewa waɗannan mata da ake rainawa suna da ƙa'idoji tsayayyu na rarrabe labari mai kyau da maras kyau. Watau mai karatu na kasuwa ma mai sharhi ne, ko da bai taɓa shiga ajinmu ba.

Bisa ga wannan, ga inda na tsaya. Alƙalami na marubuciya ne, ba wanda ke da ikon ya ƙwace shi, kuma zagi da barazana ba su da wuri a sharhin adabi. Masu kare ta sun yi gaskiya cewa ana auna jaruma mace da mudun da ba a auna namiji da shi. Amma misalin James Bond bai amsa kukan kashi na biyu ba, domin Bond bai taɓa barin aikin leƙen asirinsa ba, abin da aka yi alkawari a littafin farko shi ake samu a na ƙarshe. Yawan ciniki kuma bai amsa ba, domin yana iya nufin tsofaffin masu karatu sun fita, wasu sababbi masu neman wani abu daban sun shigo. Marubuci yana da damar ya canza hanya, sai dai alkawari kaya ne, kuma wanda ya sauke shi a tsakiyar tafiya bai kamata ya yi mamaki ba idan abokan tafiyar suka yi magana.

Wannan magana ta shafe mu, domin marubutanmu na Hausa na yanzu, akasarinsu mata, da yawa suna sakin labari babi babi ta WhatsApp da Wattpad, masu karatu na mai da martani kafin a rubuta babi na gaba. Matsin da Hamilton ke ji bayan shekara guda, su suna jin sa kafin gari ya waye. Shawarata gare su ita ce su saurari mai karatun da ya ce wannan hali bai yi kama da na jarumar da kika nuna mana ba, domin yana tuna musu abin da suka gina ne. Wanda kuwa ya ce lalle sai ta auri wane, wannan so yake ya karɓi alƙalamin, ba dole a ba shi ba.

Ku kuma ɗalibai, ga aiki a gabanku. Ra'ayoyin masu karatu da dā suke bin iska a bakin kasuwa, yau a rubuce suke, da ranarsu da watansu. Ku tattara su, ku rarrabe kukan tarbiyya da kukan gini da kukan son zuciya, kamar yadda muka gwada yi a nan. Tarihin adabin da ya kawo sunayen marubuta kaɗai, ya bar waɗanda suka karanta, rabin tarihi ne.