Ƙoƙon Gwiwa da Ciwon Gautsin Ƙashi: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu

Sarkin Kasuwa, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana masu saye da sayarwa daga wannan ɓangare na iyaka da wancan, ina yi muku barka da war haka. Na san an bar rumfuna ba mai tsaro, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Kwanakin baya wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta kawo mana ɗanta mai shekara 9. Tuntuɓe ya yi a bakin rumfa ya faɗi bisa gwiwarsa, irin faɗuwar da wani yaron zai tashi ya karkaɗe wando ya ci gaba da wasa. Shi kuwa ya kasa miƙe ƙafar. An ɗauka targaɗe ne, aka yi kwana 12 ana murza ana ja. Wannan ita ce karayarsa ta biyar, kuma a gida ana zargin uwar da sakaci, wasu na cewa an yi wa yaron baki. Da na duba idonsa sai na ga farin yana da shuɗi-shuɗi, uwar ta ce haka na mahaifinsa yake. Hoton ƙashi ya nuna ƙoƙon gwiwar ya rabu biyu.

Abin da ke damun yaron shi ne ciwon gautsin ƙashi. Likitocin Najeriya suna taƙaita sunansa da haruffan OI, masu aiki da Faransanci kuma suna ce masa ciwon ƙashin gilashi. Ciwo ne na gado, ba ya yaɗuwa ta cuɗanya, kuma ana samunsa a kusan mutum 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. Tushensa wani sinadari ne mai suna kolajin, wanda matsayinsa a ƙashi kamar na ramno ne a cikin ƙasar gini. Idan ya yi ƙaranci ko ya fito da aibu, ƙashi sai ya yi saurin karyewa, jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi su yi sako-sako. Galibi idan uwa ko uba na da shi, kowane ciki yiwuwar gadonsa rabi da rabi ce. Akwai nau'in da ke ɓoye a jikin iyaye biyu masu lafiya, ya fi bayyana a auren zumunci, wani lokaci kuma yakan fara daga kan yaron kansa. Ban da yawan karaya da launin ido, alamominsa sun haɗa da haƙora masu saurin guntulewa, da gajarta, da raguwar ji idan an girma.

Me ya sa na ware ƙoƙon gwiwa? Domin shi ne mahaɗar babban naman gaban cinya da ƙashin ƙwauri. Da shi kake miƙewa daga tsugune, da shi kake hawa bayan mota da kaya. Idan ya rabu, naman cinya yana janye rabin sama, don haka ɓangarorin biyu ba sa haɗuwa da kansu. Haka nan jijiyar da ke ƙasansa tana iya tsinkewa, ko ƙoƙon ya goce zuwa gefen waje.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. A kwantar da mai rauni rigingine, a ce ya ɗaga ƙafar a miƙe da kansa. Idan ya kasa, ko kumburi ya taso nan take, ko yatsa ya ji rami a tsakiyar ƙoƙon, to, maganar ta asibiti ce a ranar.

Kafin a tafi, a yi waɗannan. Na farko, a bar ƙafar yadda ya fi jin sauƙi, a naɗe ta da zane mai laushi, a tallafe ta da kwali daga cinya zuwa idon sawu, a ɗaure sako-sako. Na biyu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Na uku, a ɗauke shi da hannu a ƙarƙashin ɗuwawu da baya, kada a ɗaga shi ta hammata ko a ja ƙafa. Mota ta fi babur, domin a kan babur dole gwiwa ta lanƙwashe.

Ina girmama maɗoranmu, da yawansu sana'ar gadonsu ce. Sai dai ƙarfin hannun da ƙashin lafiyayye zai jure yana iya karya cinyar wannan yaro. Kada a murza, kada a yi tsaga, kada a matse da kara. Duk ɗaurin da ya sa yatsun ƙafa suka yi sanyi, ko suka yi duhu, ko suka daina ji, a kwance shi nan take, domin ta haka ƙafa ke ruɓewa har a kai ga yankewa.

A asibiti, fara da gaya wa likita karaya nawa aka taɓa yi, da waɗanda ke da irin haka a dangi. A ƙananan yara ƙoƙon guringuntsi ne, sai tsakanin shekara 3 zuwa 6 yake soma zama ƙashi, shi ya sa hoto kan ɓoye raunin, likita ya dogara da bayaninku da hannunsa. Idan tsagewa ce kawai kuma ƙafa na ɗaguwa, ana tallafe ta a miƙe na mako 4 zuwa 6. Idan ɓangarorin sun rabu, tiyata ake yi a haɗa su da waya ko zare mai ƙarfi. Ga mai gautsin ƙashi ana zaɓar abin tallafi marar nauyi, ba a kuma daɗewa da shi, saboda dogon kwanciya yana ƙara cinye ƙashi. Don haka kada a raina zuwa gashi bayan an cire ɗauri. Akwai kuma maganin ƙarfafa ƙashi da ake sawa ta ƙarin ruwa lokaci zuwa lokaci, likita kaɗai ke rubuta shi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitin yara na CURE a Yamai suna aikin ƙashi, asibitin da ke kusa da ku zai ba ku takardar turawa.

Ku da kuke kai da komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, ku riƙa tafiya da takardun yaron da hotunan ƙashinsa, ku kuma ɗauki hotonsu a waya. Takarda tana iya zama da Turanci ko Faransanci, amma hoton ƙashi kowane likita yana karanta shi.

Yaron da na ba ku labari an yi masa aiki, yanzu yana zuwa makaranta da ƙafarsa, ko da yake jinkirin ya sa gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Har yau ba a sami maganin da ke raba mutum da wannan ciwo ba, amma karaya tana warkewa, kuma yawanci tana raguwa bayan balaga. Ku daina ɗora wa iyaye mata laifi, kada ku kulle yaran a ɗaki. A share musu hanya, a ba su nono da kifi, su sha hantsi, su yi karatu.

Mai tambaya ya same ni bayan an tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa.