Kafin Ka Sayi Keken Ɗaukar Yaro

Wannan shi ne jawabin da editan jaridarmu ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci. Mun buga shi don amfanin kowa.

  

Yau maganata a kan keke ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na babur suka yi tashin gwauron zabo. Mutane da yawa sun koma wa keke. Wani zai kai ɗansa makaranta, wani zai kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafi. To, wane keke ya dace da mai ƙaramin ƙarfi, wanda zai hau titi kuma ya ɗauki yaro a baya?

Kekunan da ke kasuwa iri huɗu ne. Na farko shi ne baƙin keke da muka gada, irin su Raleigh na Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya. Yana da nauyi, ba shi da giya, amma yana jure kaya, kuma kowane mai gyara ya san shi. Na biyu keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Wannan ba na ɗaukar yaro ba ne. Na uku keken hawa duwatsu, mai taya mai kauri da kaushi. Yana da kyau a mugunyar hanya, amma a kan kwalta yana cin ƙarfin ƙafa.

Na huɗu shi nake kira keken tsaka-tsaki, don ya ɗebo nan ya ɗebo can. Kansa a miƙe yake, tayarsa matsakaiciya ce, kuma yana da giya mai rage wahalar hawa tudu. In hanyarka kwalta ce ko burji, shi ya fi dacewa. In kuwa mai gyaran garinku bai iya giya ba, riƙe baƙin kekenka. Keken da ba a iya gyara shi a kusa, tsada ce da shi ko da kyauta aka ba ka.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan nemi na hannu. Ba laifi. Amma fa araha ba ta ado. Kafin ka biya, duba abu biyar.

Na ɗaya, tsawo. Ka tsaya da sandar keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafarka duka biyu a ƙasa. In sandar ta tokare ka, ya fi ƙarfinka. Ka tuna, in yaro yana baya, ba ka iya wurga ƙafa ta bayan sirdi. Saboda haka keke marar sanda, wanda ake ce wa keken mata, ya fi sauƙin hawa da sauka. Ba abin kunya ba ne ga magidanci.

Na biyu, jikin keken. Duba inda aka yi walda. In ka ga tsaga, bar shi. Yi hattara da sabon fenti, yakan ɓoye ciwo.

Na uku, birki. Gwada na gaba da na baya. Keke mai kaya ba ya tsayawa da sauri kamar marar kaya.

Na huɗu, kariya. Sai wadda aka ɗaure da noti a jikin keken, kusa da tsakiyar ƙafar baya. Wadda aka maƙala a ƙarfen sirdi kawai ba ta ɗaukar mutum. Karanta lambar da ke jikinta. Da yawa an rubuta musu kilo 25. Kujerar yaro ta kamfani kuwa, galibi iyakarta kilo 22.

Na biyar, taya. A nan karatunku zai yi muku rana. A gefen kowace taya akwai lamba. Tayar baƙin keke ana rubuta mata 635, ta keken tsaka-tsaki kuwa yawanci 622. Duka biyu ana ce musu inci 28, amma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Rubuta lambar a takarda, ka tambayi mai faci ko yana da irinta, sannan ka biya.

Yanzu ga babbar magana. Ina yaro, wani maƙwabcinmu ya ɗauko 'yarsa daga makarantar allo. Barci ya kwashe ta, ƙafarta ta faɗa cikin wayoyin ƙafar keken. Kafin ya tsaya, fatar diddigenta ta saluɓe. Ta daɗe tana jinya. Kuɗin maganin ya fi kuɗin abin da zai kare ta nesa ba kusa ba.

Don haka kada ka kashe kuɗinka duka a kan keke. Rage na kujera mai majingini da ɗamara. A yi wa yaro wurin ɗora ƙafa. A rufe wayoyin ƙafar baya hagu da dama, ko da robar tsohuwar jarka ce. A sa masa takalmi, a tattare masa riga ko hijabi kada ya reto. In da hali, a sa masa hular kwano daidai kansa. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, kada a ɗora shi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Kuma kada ka jingine keke ka bar yaro a kai, ko na minti ɗaya.

Daga ƙarshe, karɓi rasit. Galibi lambar keke tana ƙarƙashinsa, inda feda take juyawa. A rubuta ta a rasit, ka karanta da idonka, don kada a sayar maka da kayan sata.

Jama'a, keke in ya lalace ana sayen wani. Ƙafar ɗanka ba a sayar da ita a kasuwa. Allah ya kiyaye mana hanya, ya raya mana zuri'a.