Kumburi a kan tsohon ɗinkin tiyata: jawabin taron iyalai a Deido

Ni ba likita ba ne, tafinta ne, amma na raka mutanenmu asibiti sau da yawa, kuma na ga yadda ake sa hannu a takarda ba a fahimci me ke ciki ba. Shi ya sa na nemi a ba ni 'yan mintuna.

Wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki, musamman mata masu tiyatar haihuwa, wani lokaci naman da aka ɗinke ta ciki yana buɗewa, hanji ya turo fata. Idan an yi tari ko an ɗaga kaya sai kumburin ya fito, idan an kwanta ya koma. A takardar likita za ku ga an rubuta "éventration". Magani na sha ba ya rufe shi, tsaga ma ba ta yi, sai aiki.

Yawanci likita zai ce a sa raga, domin ɗinki kaɗai ba ya riƙewa. A wani bincike na ƙasar Holan da aka bi marasa lafiya shekara 10, ciwon ya dawo wa kashi 63 cikin 100 na masu ɗinki kaɗai, masu raga kuwa kashi 32.

Ragar ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fi samu ita ce ta roba, polypropylène. Ta fi araha, ba ta narkewa, ana shimfiɗa ta bayan naman ciki ko a kansa, inda ba za ta taɓa hanji ba, don in ta taɓa tana iya manne masa. Akwai mai fuska biyu, gefe ɗaya santsi, wadda ake sawa ta ciki kusa da hanji, sau da yawa a aikin kyamara. Tana da tsada sosai. Kada ku ɗauka mai tsada ta fi, wurin da za a sa ta ne ya bambanta. Sai wadda ake yi da fatar dabba, ta saniya ko ta alade, ga ciwon da ya yi ruwa. Wannan ku tambaya kai tsaye, haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne.

Wani dattijo ya tambaye ni batun gidan sauro. Gaskiya ne an gwada shi a Yuganda, amma ga gwaiwa, kuma wanda ba shi da magani, an tsarkake shi a asibiti. Na gadonku yana da maganin sauro, ku bar shi a gado.

Iyayena mata, idan kuna son ƙarin haihuwa ku faɗa wa likita kafin a sa rana. Masu dako a kasuwar Sandaga, ku tambayi makon da za ku koma ɗaukar kaya. Ku kawo mana takardar kuɗin aikin kafin ku sayi komai, ku karɓi rasit, ku nemi tafinta kafin sa hannu.

Idan kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga amai, ba bayan gida ba tusa, kada ku jira safiya ko takarda daga ofis. Ko da tsakar dare ne ku nufi asibitin Deido, na New Bell, ko Laquintinie, kuma kada a ba mara lafiya abinci a hanya.